Motar Kurmi Da Hazon Arewa

Da zarar watan Disamba ya kama, iskar hunturu ta fara leƙowa har bakin teku, sai hankalin mutanen Arewa mazauna Kurmi ya koma gida. An gama girbi, bukukuwan aure sun kankama tun daga Sakkwato har Maiduguri, kamfanoni da yawa na Ikko suna rufewa don hutun Kirsimeti, kasuwa kuma ta yi sanyi saboda abokan ciniki sun tafi garuruwansu. To, a daidai wannan lokaci ne mutumin da ya yi shekara biyar ko goma yana tara kuɗi a Agege, ko Idi-Araba, ko Sabon Badun, ko Anacha, yakan ce bana kam da motarsa zai shiga garinsu. Buri ne mai kyau, ba wanda zai ga laifinsa. Amma akwai abin da yawancin masu wannan niyya ba su lura da shi, watau motar da za su saya ba ta san hanyar da za ta bi ba, su kansu kuma zaman Kurmi ya sa sun manta yadda hazo yake a kan titi.

Shi wannan hazo ba daga kusa yake tasowa ba. Mafi yawansa daga kwarin Bodele ne, can arewacin ƙasar Chadi, inda a zamanin da ruwan tafki ya kwanta, ya bushe, ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari. Iskar arewa maso gabas ita ke kwasar wannan gari ta watsa shi a kan Barno da Kano da Katsina, tun daga ƙarshen Nuwamba har cikin Maris. Ran da ya yi kauri, hukumar duba yanayi ta ƙasa takan ba da sanarwa cewa ido ba zai iya hangen abin da ya kai kilomita ɗaya ba, jiragen sama ma su kasa sauka a Kano. Wanda ke Ikko kuwa abin da ke iso masa saura ne, ɗan fari-fari a sama da bushewar leɓe, shi ke nan. Saboda haka yana iya tashi daga Mile 12 gari garau, ya ƙetare Kwara a Jebba ko a Lakwaja, ya tarar da wata duniya dabam.

WACE MOTA ZA A SAYA?

A da wannan tambaya ba ta da wuya. Tun da aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kakuri, Kaduna, cikin 1975, mota ƙirar 504 ta zama ita ce jakar Arewa, ba ƙauyen da za ta tsaya a rasa wanda ya san cikinta. Wannan zamani ya wuce. Yau kusan duk wanda zai sayi mota a Kurmi tsohuwa zai saya, wadda aka yi aiki da ita a Amurka, ko Kanada, ko Jamus, ko Beljiyam, aka lodo ta a jirgin ruwa, wadda Yarabawa ke kira tokunbo. Amma hikimar da ta sa dattawa suka riƙe 504 tana nan ba ta tsufa ba: a sayi motar da makanikin garinsu ya sani, wadda in ta ɓaci za a sami kayanta a Ƙofar Ruwa a Kano ko a Panteka ta Kaduna, ba sai an aika Ladipo an jira mako guda ba. Abin da ya sa Toyota irin su Corolla da Camry da Sienna, da Golf, da Peugeot 406 suka cika hanyoyin Arewa ke nan. Mota mai tsada wadda komai nata sai an jona kwamfuta, tana da daɗin shiga a Ikoyi, amma ran da ta mutu tsakanin Mokwa da Kontagora mai ita zai gane kurensa.

Sai kuma tsayin mota daga ƙasa. Mutum ya tuna da kilomita ashirin ɗin nan na ƙarshe, bayan an sauka daga kwalta, inda ake bin turba mai yashi da kwazazzabai. Motar da cikinta ke kusa da ƙasa, in an loda mata mutum biyar da kaya, nan za ta bar salansarta. Wannan ba ya nufin dole sai jif. Jif tana shan mai, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, farashin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, tafiyar Ikko zuwa Kano kuwa ta kai wajen kilomita 1,000 ko fiye. Har ila yau wasu suna zaton motar da ƙafafunta huɗu duk ke ja ta fi tsayawa da sauri. Ba haka ba ne. Tana fita daga yashi da sauƙi, amma wajen taka birki daidai take da kowace mota, nauyinta ma yakan sa ta ƙara tafiya gaba kafin ta tsaya.

Abin da dillali ba zai faɗa ba shi ne irin hunturun da motar ta sha a ƙasar da ta fito. A Kanada da arewacin Amurka da ƙasashen Turai masu sanyi, idan dusar ƙanƙara ta rufe titi, gishiri ake barbaɗawa don ta narke. Wannan gishiri yana manne wa ƙarƙashin mota shekara da shekaru yana cin ƙarfe. Sai a ga mota daga sama tana ƙyalli kamar amarya, ƙasanta kuwa tsatsa ta gama da shi. Saboda haka kada a biya ko kwabo sai an hau da ita kan rami, ko an ɗaga ta, makanikin da mai saye ya zo da shi da kansa ya shiga da tocila ya duba shasi, da bututun man birki, da wurin da ƙafafu suka kama jikin mota. In an ga an shafe ƙasan da baƙin fenti sabo fil, to, a ƙwanƙwasa da sukudireba, don ba a yi wa lafiyayyen ƙarfe kwalliya a inda ba mai gani. Akwai kuma motocin da ambaliya ta shanye a Amurka, kamfanonin inshora suka yi gwanjonsu. Ana gane su da warin ruma, da laka a ƙarƙashin kafet, da tabon ruwa a jikin bel idan an jawo shi har ƙarshe. Irin waɗannan wayoyinsu ba su daina ba da wahala har abada.

A kuma lura da sitiyari. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun ranar 2 ga Afrilu 1972, saboda haka sitiyarin motocin ƙasar nan a hagu yake. Akwai motocin Ingila da Japan da ake shigowa da su da araha, a kai wa masu walda su mayar da sitiyarin hagu. Aikin yakan yi kyau a ido, amma an yanke an ɗinke abin da ran mutum ya rataya a kansa. Araha ba ta ado.

Game da takardu, magana ɗaya ce: lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 da ke jikin mota, a gindin gilashin gaba da kuma jikin ƙofar direba, ta zama ita ce a takardar kwastan, kuma a je ofishin kwastan a tabbatar an biya kuɗin fito cikakke. Shingayen da ke tsakanin Ikko da Arewa ba su ƙirguwa, kuma wanda aka kama da takardar jabu a daji ba zai ga dillalin da ya sayar masa ba. Inshorar dole ta ƙananan motoci ta tashi daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000 a farkon 2023. A yanke ta a hannun kamfani sananne, kada a karɓi ta bakin tasha.

TAYA

A nan ne ya kamata a tsaya a yi dogon bayani, don a nan ne ake yawan asarar rai. Tokunbo da yawa suna isowa da tayoyin hunturun Turai a ƙafarsu, ana kuma jibge irinsu a kasuwa ana sayarwa ɗaiɗai. Mai saye ya ga zane mai zurfi, roba mai laushi, sai ya ce ya yi tsintuwa. Alhali ita wannan taya an yi ta ne don ƙasar da sanyi ke sauka ƙasa da digiri 7, an cakuɗa robarta yadda ba za ta sandare a kan ƙanƙara ba. Hunturun Arewa kuwa suna ne kawai ya haɗa shi da na Turai. Da asuba a yi ta rawar ɗari, amma kafin azahar kwalta ta ɗau zafi. Tayar ƙanƙara a kan irin wannan kwalta, da kaya, da gudu, sa'a goma a jere, tana cinyewa da sauri, tana tsawaita birki, kuma ba ta da juriyar zafi irin ta tayar da aka yi don ƙasashe masu rana. Gane ta ba wuya: a gefenta akwai hoton dutse mai kawuna uku da ɗan furen ƙanƙara a tsakiya. Duk inda aka ga wannan alama, a bar musu abinsu.

Sai shekarun taya. A gefen kowace taya akwai rubutu mai farawa da DOT, a ƙarshensa da lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 3519, ma'anarsa an yi ta a mako na 35 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗin cewa taya ta daina aiki bayan shekara huɗu da yin ta, ko da kuwa ba ta taɓa taka ƙasa ba, don roba tana bushewa tana tsattsagewa ko tana ajiye. Mutumin da ya iya biyan miliyoyi ya sayi mota, ya kuma kasa cire kuɗin sababbin tayoyi huɗu, gaskiya bai gama tara kuɗin mota ba tukuna. Safaya ma a duba ta, don sau da yawa ita ce mafi tsufa, kuma babu iska a cikinta.

Awon iska kuwa da safe ake yinsa kafin mota ta yi tafiya, a bi adadin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, ba wanda mai faci ya ga dama ba. Masu faci da yawa suna bugun taya da ƙarfe su saurari ƙara, ko su ɗura iska fiye da kima wai don kaya. Wasu direbobi kuma in sun tsaya da rana suka ga iska ta hau, sai su rage. Kuskure ne. Zafi ne ya ɗaga ta, washegari da sanyin asuba za ta sauka, sai a wayi gari ana tafiya da taya mai ƙarancin iska, wadda ita ce ta fi saurin ɗaukar zafi ta fashe.

ABIN DA MAKANIKAI KE CIREWA

Akwai wata al'ada ta makanikan ƙasar nan, Kudu da Arewa: da zarar tokunbo ta shigo hannu sai a ciro wani ɗan ƙarfe da ke kan hanyar ruwan inji, wanda ake kira tamostat, a jona fanka ta yi ta juyawa ba tsayawa, a ce wai wannan kayan ƙasar sanyi ne. Aikin tamostat shi ne ya tsare ruwa har inji ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki da shi, wajen digiri 90, sa'an nan ya buɗe. In an cire shi, injin yakan daɗe bai yi ɗumi ba, ya sha mai fiye da kima, ya kuma ci kansa a hankali. A cunkoson Ikko ba a cika lura ba. A sanyin Jos da asuba za a lura. In mota tana zafi, a nemi dalilin: ko lagireto ya toshe, ko fanka, ko famfon ruwa, ko murfi.

Haka kuma ake toshe bututun hita a ce ba a bukatarta. Wanda zai bi hanyar Arewa a Janairu yana bukatarta, ba don jin daɗi kaɗai ba. In mutum biyar suna cikin mota, an rufe tagogi saboda sanyi, numfashinsu yakan kwanta a kan gilashi daga ciki har direba ya daina gani. Iska mai ɗumi da aka juya wajen gilashi, ko na'urar sanyaya mota, ita ke share wannan cikin minti ɗaya. Gogewa da hannun riga ƙara dagula shi yake.

Sauran abubuwan ba su bukatar dogon zance. A canja baƙin mai da filtarsa. A sa sabuwar filtar iska, a kuma riƙe wata a but, don ƙurar hunturu tana toshe ta cikin 'yan kwanaki, mota ta rasa ƙarfi. Batirin da ke tashi da ƙyar a Ikko ba zai tashi ba sam a sanyin Zariya. A zuba ruwan lagireto na gwangwani maimakon ruwan rijiya. A canja robar waifa, a cika tankin ruwan wanke gilashi, domin kunna waifa a kan busasshiyar ƙura kamar goga gilashi da yashi ne, kuma tabon da zai bari shi ke watsa hasken fitilar mai zuwa cikin ido da dare. A tabbatar kowace fitila tana kamawa, musamman na baya. Jak, da sifana, da tukunyar kashe gobara, da alamar gargaɗi mai kusurwa uku, duka doka ta wajabta su.

Bayan duk wannan, kada a sayi mota ran Alhamis a kama hanya ran Asabar. Yawo cikin Ikko ba ya gwada mota, don ba ta samun filin gudu. A kai ta Badun a dawo ta babbar hanyar nan da aka buɗe a 1978, kilomita ɗari da ashirin da wani abu kowane zuwa, a saurari rawar sitiyari, a dubi allurar zafi, a gwada birki. Abin da zai ɓaci gara ya ɓaci a Shagamu.

Wani abu kuma da ya yaudari mutane da yawa shi ne agogon gudu. Motocin Amurka da mil suke awo, manyan lambobin mil ne, ƙananan na ciki su ne kilomita. Direba ya ga allura a kan 80 ya ɗauka yana tafiya a hankali, alhali yana kusa da kilomita 130. Dokar ƙasa ta ba ƙaramar mota kilomita 100 a babbar hanya mai tagwaye, 80 a sauran manyan hanyoyi, 50 a cikin gari. A agogon mil, 100 ɗin nan tana wajen 62.

A CIKIN HAZO

Ƙa'idar tuƙi a hazo guda ɗaya ce, sauran duk rassanta ne: kada mota ta yi gudun da ba za ta iya tsayawa ba a cikin iyakar abin da ido ke gani. Motar da ke gudun kilomita 100 tana cin mita 28 kowace daƙiƙa. Kafin direba ya ga abu, ya gane shi, ya ɗaga ƙafa ya taka birki, motar ta tsaya cik, an ci wajen mita 80, kusan tsawon filin ƙwallo, wannan ma in taya da birki da kwalta duk lafiyarsu ƙalau, direba kuma idonsa biyu. A gudun kilomita 50 kuwa wajen mita 25 ya isa. Watau rage gudu da rabi yana rage nisan tsayawa zuwa kashi ɗaya cikin uku. In tirelar da ke gaba ba ta bayyana sai an zo kusa da ita da tsawon motoci goma, to, 100 ta zama ganganci, ko da doka ta yarda da ita.

A kunna fitila ko da rana tsaka, gajeriya, wadda direbobi ke kira dim. Ba don direba ya gani ba ne, don a gan shi ne. Motoci masu launin toka da ruwan azurfa da farare, waɗanda su ne suka fi yawa a kasuwa, suna narkewa cikin hazo kamar ba su. Doguwar fitila kuwa ba ta huda hazo, ƙurar ce ke maido da hasken cikin idon mai ita, ta kuma makantar da mai zuwa. Fitilun gargaɗi masu ƙyaftawa na motar da ta tsaya ne. Wanda ke tafiya da su a kunne yana rikita na bayansa, sa'an nan ba shi da hanyar nuna zai juya.

Babban abin da ke kashe mutane a wannan lokaci shi ne wuce mota a hanya mai layi ɗaya. An bi bayan tanka tun daga Ogbomosho, ko tun daga Okene, haƙuri ya ƙare, na cikin mota suna ta guna-guni, sai direba ya leƙa ya ga fari fat, ya ɗauka ba kowa. Fari fat ɗin nan ba shaida ba ce cewa hanya a buɗe take. In shi yana 90, mai zuwa yana 90, tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa da mita 50 kowace daƙiƙa. Wanda ya ɓullo daga nisan mita 300, daƙiƙa shida ta rage. Wuce doguwar tirela kuwa yana cin fiye da haka. Haka nan duk inda ake aikin hanya aka haɗe masu zuwa da masu dawowa a hannu ɗaya, kamar yadda aka sha yi a hanyar Abuja zuwa Kaduna da Kano tun da aka fara sake gina ta a 2018, a ɗauka hanya mai layi ɗaya ce, a haƙura.

A kuma sani hazo iri biyu ne. Akwai na ƙura, wanda ke wuni. Akwai kuma na raɓa, wanda ke kwanciya a kwari da bakin kogi da asuba, musamman a dazuzzukan Kurmi da wajen Lakwaja da Makurɗi, kuma ya fi na ƙura toshe ido, sai dai rana na ɗagowa yake watsewa. Wannan ya sa al'adar nan ta tashi ƙarfe uku na dare don a kai gida a yini ɗaya ba ta dace da hunturu ba. Gara a yi sallar asuba, a jira gari ya waye, a raba tafiyar biyu, a kwana a Ilori, ko Lakwaja, ko Abuja. Kafin a zaɓi hanya kuma a je tasha a tambayi direbobin haya da suka sauko jiya. Hanyar Birnin Gwari ta yi shekaru tana fama da 'yan bindiga, wasu hanyoyin ma haka, kuma labarin hanya yana canjawa daga wata zuwa wata. Tafiyar dare dai a bar ta ɗungum.

Rani lokacin ƙona daji ne. In aka tarar hayaƙi ya yanke hanya, kada a kutsa da gudu wai a yi maza a fita, don ba a san abin da ke tsaye a ciki ba. A rage gudu tun daga nesa, a rufe tagogi, in ya yi kauri a sauka gefe a jira iska ta juya. Lokacin ne kuma makiyaya ke gangarawa kudu neman ruwa da ciyawa, kuma inda aka ga saniya ɗaya ta ƙetare, sauran suna tafe. Ganyen da aka zuba a kan kwalta alama ce ta babbar mota da ta mutu a gaba, sau da yawa ba fitila ko ɗaya a bayanta. In tanka ce ta faɗi, kada a tsaya kallo ko kusa. A ranar 18 ga Janairu 2025, a mahaɗar Dikko da ke Jihar Neja, kan hanyar Abuja zuwa Kaduna, wuta ta tashi daga tankar da ta kife, ta hallaka mutum fiye da 80, yawancinsu waɗanda suka taru a wurin. Wanda ya ga haɗari ya matsa gaba nesa, ya kira lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra, 122.

In kuwa motar mutum ce ta tsaya, a tura ta ta sauka daga kwalta gaba ɗaya, a kunna fitilun gargaɗi, a kai alamar kusurwa uku can baya da nisa, kowa ya fita ya koma gefen daji. Zama cikin motar da ta mutu a kan titi cikin hazo, wai don ana jin sanyi, shi ne mafi munin zaɓi.

SANYI DA BARCI

Sanyi yana da nasa tarkon. An rufe tagogi ruf, mota ta yi ɗumi, fasinjoji duk sun yi barci, gaba kuma fari ne kawai ba abin kallo. Nan da nan gyangyaɗi ke sace direba. Goro da shayi suna taimako na ɗan lokaci. Ƙwayoyin da wasu ke sha don kore barci kuwa ido suke buɗewa, hankali yana wani wuri. Lokutan salla sun isa su zama ma'auni: a tsaya kowace salla, a yi alwala da ruwan sanyi, a taka ƙasa, a zagaya mota a taɓa tayoyi. In akwai direba na biyu, madalla. Azumin 2025 ya kama ne a farkon Maris, kuma tun da kowace shekara yana jawowa baya da kwana 10 ko 11, shekaru masu zuwa cikin hunturu sosai za a yi ta yinsa, tafiyar Ƙaramar Salla ma haka. Direban da ya kwana bai yi barci ba, ya yi sahur ya kama hanya, ya tuna shari'a ta yi wa matafiyi rangwame ya sha ya rama.

A bar ƙofar iska kaɗan a taga ko da ana jin sanyi. Tsohuwar mota mai hujajjiyar salansa tana iya shigo da hayaƙi cikin ɗaki, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari. Alamarta ciwon kai da kasala, sai barci. Don haka ba a kwana cikin mota da inji a kunne da tagogi a rufe, balle a shigo da kaskon gawayi.

Kaya ma abin dubawa ne. Mai zuwa gida ba ya zuwa hannu sake: jarkar manja, da huhun goro, da buhun garin kwaki, da ayaba, da atamfofin 'yan'uwa, ga kuma saƙon maƙwabta da ba a iya ƙi. In bayan mota ya zauna, gabanta yakan ɗaga, sitiyari ya yi sakayau, fitilun gaba su koma haska sama suna dallare masu zuwa. Abin da ya yi yawa a ba motar haya ta kai. Yara a baya za su zauna da bel, ba a cinyar uwa a gaba ba, domin jakar iskar da ke fitowa lokacin karo tana iya kashe ƙaramin yaro.

Masu tasowa daga Anacha da Inugu da Fatakwal, waɗanda ke bi ta Makurɗi da Lafiya da Akwanga su hau Jos, suna da ƙarin abu ɗaya, watau Hawan Kibo. Jos tana bisa tudu mai tsayin wajen mita 1,200, dare a can yakan sauka ƙasa da digiri 10, kuma hawan yana gwada lagireto kamar yadda gangaren ke gwada birki. In allurar zafi ta hau, a tsaya gefe a bar inji ya huce, kada a buɗe murfin lagireto yana tafasa. Ran dawowa kuma a sauko da ƙaramar giya, mai otomatik ya mayar da ita kan 2 ko L, injin ya riƙe motar. Wanda ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama, ko ya sa furi don tsimin mai, kafin ya kai ƙasa birkin ya ɗau zafi ya daina kamawa, ga kuma manyan motoci a gaba da baya.

In Allah ya kai mutum gida lafiya, kafin ya juyo ya ciro filtar iska ya duba. In ta yi fari da ƙura ya sa wadda ya ajiye a but. Ya sake auna iskar tayoyi da safe, ya wanke fitilu da gilashi ciki da waje, ya kuma sa makanikin garin ya leƙa ƙasan motar ya ga abin da turbar ƙauye ta kwance, tun da dawowar ma kilomita 1,000 ce, da buhunan gero da wake a baya.